'Yar Wanzamai da Raunin da Aka Hana Warkewa

Zuwa ga Inna Hajjo, mai filin shawara.

Inna, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfin kaina, kuma babu wanda zan gaya wa a garinmu maganar ba ta riga ni isa gida ba. Murna da tashin hankali ne suka haɗe mini wuri guda, ban san wanda zan fara da shi ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya da girmana, kuma da ido ɗaya nake yinsa. Amma fa ki sani ni ce nake yi da kaina, ba wani na sa ya rubuta mini ba. In kin karanta zuwa ƙarshe za ki gane dalilin da ya sa nake ƙafafa da wannan.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce tsakanin Tanut da Belbeji, ba zan faɗi sunansa ba. Na ɗan haura shekara arba'in. Sana'ata saƙar tabarma da faifai, amma gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Wanda ke riƙe da zabirar gidan yanzu shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Zan kira shi Yaya Attahir, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya aurar da ni, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar da zan ba ki labari.

Abin alfaharin gidanmu ɗaya ne: raunin da askarmu ta yi ba ya ruwa, ba ya ɗoyi, kafin ka waiga ya kame. Akwai wani haɗin bagaruwa da saiwoyi da mazan gidan kaɗai suka san sirrinsa, ana sha ana wanke rauni da shi. Saboda shi mutane ke zuwa daga Gangara da Falanko, har Buzaye da Fulani kan kwance raƙumansu da jakunansu a ƙofar gidanmu. Mu kanmu jikinmu haka yake. Ko lauje ya tsage ni, 'yan kwanaki kaɗan sai tabo.

Amma akwai wani gadon da ba ma faɗa da ƙarfi, shi ne makanta. Irin wadda ake ce wa garara, ido a buɗe fes kamar na mai lafiya, amma babu gani. Ta kama kakarmu, ta kama Baba, ta kama ƙanensa. Mutanen gari suna cewa wai kallon jini ne ke cinye idon wanzamai. To ni wane jinin na kalla, Inna? Kaba nake kallo tun ina yarinya.

Bayan farin nan na tamanin da huɗu na fara lura da abin. Ina zaune ina saƙa, akuya za ta zo ta gefena ta cinye rabin kabar ban gan ta ba, sai dai in ji taunarta. Ina tuntuɓe da turmi, ina buge kafaɗa a ƙofa. Babu ciwo ko kaɗan, sai dai duniya tana ta ƙanƙancewa kamar ina leƙenta ta bakin tulu. Na je gidan likita na Tanut, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya haska idon ya ce wannan ba yanar ido ba ce, ya fi ƙarfinsa. Ya tura ni wani asibitin ido can kudu, gaba da Damagaram.

A can lokotoro, wato likitan ido, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne. Ya yi mini bayani yadda zan gane: ido yana yin ruwansa a ciki kullum, kuma akwai rariyar da ruwan ke fita. In rariyar ta toshe, ruwan sai ya danne jijiyar gani har ta mutu, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Ya ce za su yanka wata 'yar ƙofa a idon don ruwan ya samu hanya. Suka fara da na hagu don shi ya fi lalacewa. Aiki ya yi kyau, ba da jimawa ba aka sallame ni.

Ina isa gida Yaya ya karɓi jinya. Ya ce tunda an sa ƙarfe a jikin 'yar gidan wanzamai, sauran aikin nasa ne. Safe da yamma yana zuwa da kansa, ya ba ni haɗin nan na gidanmu in sha, ya tace ya wanke mini idon. Ya kuwa warke, warkewar da har yake kiran mutane su zo su gani, wai kamar aska ba ta taɓa shi ba. Ni ma a lokacin baki har kunne. Ba a yi wata nawa ba duhu ya ci gaba daga inda ya tsaya, har ranar da na rufe idon dama na ga ba na ganin ko hasken rana.

Da na koma, lokotoro ya duba ya girgiza kai. Ya ce ƙofar da suka yanka ta warke ruf, tabo ya liƙe ta, idon hagu ya tafi ke nan. Na tambaye shi ko maganin gidanmu ne ya jawo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, don sau da yawa jiki ne da kansa ke rufe ta, musamman jikin da bai tsufa ba mai saurin haɗa nama, amma dai kada in kuskura in sake sa wani abu a ido. Shi ya ce ba zai rantse ba. Ni dai na san abin da na sani.

Saura na dama, shi ma ya fara bin ɗan'uwansa. Nan ne lokotoro ya gaya mini akwai wani magani da ya shigo hannunsu ba da daɗewa ba. Asalinsa na ciwon daji ne, amma ɗan ƙanƙani suke ɗiba su yi allurarsa a farin ido bayan aiki, don ya sa nama ya yi kasala, kada ya yi saurin rufe ƙofar. Ya ce dole in zauna kusa da su a yi ta allurar har kusan mako biyu, kuma babu tabbas, sai dai ya fi a bar ƙofar haka nan. Inna, dariya ce ta kuɓuce mini a gabansa. 'Yar wanzamai, a ce mata ga maganin hana rauni warkewa! Da Baba na da rai da ya ce a ɗauko masa sandarsa mu tafi.

Lokacin ruwan shuka ne, hankalina duk yana gona. Maigidana ya ce in zauna a yi, gero zai fito ko ina nan ko ba na nan. Na kwana biyu ina tunanin yadda Baba ya ƙare, yana zaune a zaure ana gaya masa wanda ya shigo. Na ce a yi.

Ba zan ɓoye miki ba, na sha wuya. Suna ɗiga wani ruwa ya kashe zafin, amma dai kana ganin allura tana nufo idonka, babu inda za ka kawar da kai. Bayanta idon sai ya yi ja, yana ta hawaye, kamar an watsa mini rairayi, ba na iya kallon haske. Akwai wadda muke tare da ita, bayan allura ta biyu ta ɗaure kayanta ta gudu. Ni kuwa na ce ko za a yi ta har kaka ina nan.

Ana cikin haka sai ga Yaya ya diro daga bayan babbar mota, ba aike ba sanarwa, rungume da gora cike da maganin gidanmu. Ya dubi idon ya gan shi jajir yana zubar ruwa, hankalinsa ya tashi. Ya ce wane irin aiki ne wannan da har yau bai kame ba. Da na gaya masa ai da gangan ake hana shi kamewa, sai ya fusata. Ya ce tun da ya fara riƙe aska bai taɓa jin mugunta irin wannan ba, wai abin da ke hana rauni warkewa sunansa guba, in tattara kayana mu tafi gida kafin su tsiyaye mini idon. A tsakar asibiti ne, majinyata da masu jinya duk suna zaune a inuwa suna kallo. Ni kuma raina ya ɓaci. Na karɓi gorar daga hannunsa na tuntsurar da ita a gindin bishiya har ta ƙare, na ce masa ya ci mini ido ɗaya, ba zai ci na biyu ba. Ya ɗauki gorarsa ya juya, ko ruwa bai sha ba.

To Inna, ga inda murnar take. Bayan an gama allurai aka auna, ruwan ya sauka. Aka riƙe ni na wani lokaci aka sake aunawa, yana nan a sauke. Na koma bayan watanni, haka. Yau an fi shekara, ƙofar tana nan a buɗe, idona yana nan inda aka tsayar da shi. Ganin gefe bai dawo ba, an gaya mini ba zai dawo ba, amma abin da ke gabana ina ganinsa tar.

Ranar da na dawo gida kuwa, da kina nan da kin sha dariya. Labari ya riga ni cewa na makance. Maƙwabtana, don tausayi, sun ɗaure mini igiya daga ƙofar ɗakina har bayan gida, in riƙa bi da hannu, yadda aka yi wa Baba. Mata suka cika gidan, kowace ta sanyaya murya kamar an yi mutuwa, tana faɗin sunanta don in san ko wace ce. Na ƙyale su suka gama. Sai na fara binsu ɗaya bayan ɗaya, na ce wa Kulu yaushe ta sa haƙorin Makka ba a gaya mini ba, na ce wa Tabawa zanenta a baibai yake. Gida ya kaure da guɗa. Na ɗauko wuƙa na yanke igiyar nan da hannuna, kuma da ita na ɗaure dammunan geron farko da muka girbe a waccan shekara mai albarka. Na ga zangarniyar nan da idona, Inna, na tsaya a gona na yi kuka har na gode wa Allah. Kafin sanyi ya fita na kai tabarmi masu ja da kore kasuwar Tanut, babu layin da ya karkace.

Yanzu ga damuwar. Tun ranar gorar, tsakanina da Yaya sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Bai taɓa tambayata yaya idon ba. In an yi zancen a gabansa sai ya ce Allah ne ya tsare, gubar ce ba ta kama ba. Wannan duk zan iya haƙuri da shi. Abin da ya hana ni barci shi ne na ga ciwon a jikinsa.

Ni na san alamunsa, don na bi hanyar. In zai dubi mutum sai ya juya kansa gaba ɗaya. Mutane sun fara cewa Attahir ya yi girman kai, ana ɗaga masa hannu a hanya ba ya amsawa, ni kuwa na san ba ya ganinsu ne. Kwanan baya ya yi ƙwallo da ƙwaryar nonon wata Bafulatana a kasuwa, ya hau ta da faɗa wai ta tare hanya. Sannan a wani suna da aka yi a unguwarmu, ina daga cikin mata ina kallonsa, ya ajiye askarsa a gefen gwiwarsa, da zai ɗauka sai da ya lalubo ta da hannu. Babu wanda ya lura sai ni.

Na san ya sani. Amma mutum ne da zai gwammace ya makance a kan ya kwanta a yi masa abin da ya kira guba a gaban jama'a, balle kuma a ce ƙanwar da ta zubar masa da magani ce ta kai shi. Ga kuma tsoron in aka ji idon wanzami ya taɓu, kowa zai kwashi 'ya'yansa ya kai wani. Sanyi yana tahowa, lokacin kaciya ke nan, gidansa zai cika.

Na yi tunanin in gaya wa Maigari ya tilasta masa. Na yi tunanin in roƙi majo ya aiko a kira shi da sunan wani abu dabam. Maigidana ya ce in fita harkar, babba ne, ya san abin da yake yi. Amma ta yaya zan zauna ina ganin hasken rana, wanda ya goya ni yana shiga duhun da na san ƙofar fitarsa? Kuma kada ki ce in ba shi haƙuri a kan maganin, don da na sake amfani da shi da yanzu wani ke rubuta miki wannan. Ki gaya mini yadda zan yi.

'Yar Wanzamai Mai Ido Ɗaya, daga Damargu.

Amsa

'Yata, barka da arziki, barka kuma. Na karanta takardarki na kai wurin igiyar nan sai da na ajiye ta na yi tafi ni kaɗai a ɗaki. Kin zauna an yi miki allura a ido alhali wata ta gudu, kin bar gona a lokacin shuka, kin amince da abin da ya saɓa wa duk abin da aka koya miki tun kina goye. Wannan jarunta ce, kuma kin ci ribarta. Sai dai ɓoye sunan garin da kika yi bai ɓoye komai ba, don ban san gidajen wanzamai nawa ne tsakanin Tanut da Belbeji da 'yarsu ta yanke igiya ba. Saboda haka ki yi sauri, ki isa wurin yayanki kafin jaridar nan ta isa.

Kafin in amsa miki na je na sami wani likitan ido na karanta masa abin da kika rubuta. Ya ce duk abin da lokotoronki ya gaya miki haka yake. Ciwon yana bin jini, ba kallon jini ke kawo shi ba. Ba ya zafi, shi ya sa yake cin mutum a ɓoye. Kuma alamun da kika gani a jikin yayanki sun isa a auna shi yanzu, ba bayan sanyi ba, don ganin da ya tafi a watan nan babu likitan da zai dawo da shi a watan gobe. Maigidanki mutumin kirki ne, amma a nan bai yi daidai ba. Wannan ba harkar da ake fita ba ce.

Yanzu bari in gaya miki abin da ba kya son ji. Kin ce kada in sa ki ba da haƙuri a kan maganin, ba zan sa ki ba. Ƙin sa shi a ido daidai ne, ko yau ya kawo ki ƙi. Amma ƙin magani dabam, tuntsurar da gora a gaban baƙi dabam. Mutumin nan ya bar gonarsa shi ma, ya hau bayan mota tun daga Damargu, rungume da abu mafi daraja da ubanku ya bar masa, don ya ceci idon ƙanwarsa. Kika ce masa shi ya ci miki ido. Lokotoron da ya duba da na'ura ya ce ba zai rantse ba, ke kika rantse. Likitan da na tambaya ma cewa ya yi, a shekarunki da irin jikinku, ƙofar farko tana iya rufewa ko da ruwan rijiya ba a sa mata ba, tunda a lokacin ba a yi miki allurar ba. Mai yiwuwa wankin ya ƙara, mai yiwuwa bai ƙara ba. Kin taɓa tunanin ko shirun da yake yi ba fushi ba ne kaɗai? Wataƙila ya yarda da maganarki, yana ɗauke da ita shi kaɗai, kuma shi ya sa ba ya iya duban fuskarki. Wannan kalmar ce za ki janye, kuma janye ta ba zai rage miki gani ba.

Maigari kuwa, ki bar shi inda yake. In kika kai maganar fada kin sake zubar da gorar a karo na biyu, wannan karon a gaban garinku. Dabarar majo ma ban yarda da ita ba, don mutumin da aka yaudara ya je awo ba zai koma a yi aiki ba, ballantana ya zauna zaman allura.

Ga abin da nake so ki yi. Ki je gidansa da kanki a lokacin da babu masu aski, ki durƙusa ki gaishe shi gaisuwar ƙanwa, ki janye waccan kalma. Kada ki ambaci idonsa tukuna. Ki tambaye shi a matsayinsa na gwani: in ya yi wa mutum sakiya a maruru, yana barin bakin ya rufe ne tun mugunyar ba ta gama fita ba? Zai ce miki a'a, ya san in ya rufe da wuri ciwon zai koma ciki. Ki tuna masa kunnen jaririya, da ake huda shi a sa zare ko tsinke don kada nama ya haɗe. Ashe hana rauni rufewa ba baƙon abu ba ne a sana'arsa, sai dai bai taɓa jin an yi shi da allura ba. Ki bar shi ya faɗi wannan da bakinsa, kada ki riga shi.

Sannan ga abin da likitan ya gaya mini, wanda wataƙila ke kanki ba ki taɓa gani ba. A ƙarƙashin fatar idonki ta sama akwai wani ɗan tudu fari, kamar ƙaramin bororo, nan ne ruwan ke taruwa in ya fito ta ƙofar. Ki wanke hannu, ki dubi ƙasa, ki ɗaga fatar a hankali a inda akwai haske, ki ce masa ya duba miki aikin, amma da ido kawai, kada a taɓa. Ban taɓa ganin mai sana'ar da aka nuna wa aikin ɗan'uwansa ya kawar da kai ba. Wanzami ne, ya san hannu in ya gan shi. Zai ga yankan da aka yi fiye da shekara, a buɗe, ba ruwa ba ɗoyi, yana ta aikinsa. Daga nan sai ki gaya masa a hankali abin da kika gani ranar suna, ki ce babu wanda ya sani sai ke, kuma kina so ya zauna haka.

Game da sana'arsa, ki faɗa masa gaskiya: abin da zai raba shi da zabira shi ne makanta, awo kuwa shi ne abin da zai bar masa ita. Ba lallai ma a kai ga yanka ba, wasu ana fara musu da maganin ɗigawa, likita ne zai faɗa. Amma kaciyar bana ya miƙa wa wanda ya koya wa aiki a gidan, ya zauna a gefe a matsayin babba, har sai an auna shi. 'Ya'yan mutane amana ne, kuma shi ya fi ni sanin haka. Tafiyar kuma ba sai an yi shela ba. Lokacin awonki in ya zo, ƙanwa ta roƙi yayanta ya raka ta, wa zai ce wani abu?

In kika yi duk wannan ya ƙi, kada ki yi fushi, ki koma. In ya sake ƙi, sai ki nemi dattijo ɗaya cikin danginku wanda yake jin nauyinsa, a yi maganar a cikin ɗaki. Kuma kada ki tsaya a kansa. 'Yan'uwanku da 'ya'yanku da suka girma, kowa ya je a auna shi ko ba ya jin komai. Ke ma kada murna ta sa ki daina komawa, kuma duk ranar da idon ya yi ja ko ya fara ciwo, ki ajiye saƙa ki kama hanya a ranar.

'Yata, ciwon nan ya kama kakarku ya gama da ita, ya kama ubanku da ƙanensa ya gama da su, ya zo kanki kika tsayar da shi. Ke ce ta farko a gidanku da kika san hanyar asibitin nan da ƙafarki, kika kuma dawo kina ganin ta. Ki kama hannun yayanki ki bi da shi tun yana iya ganin inda yake sa ƙafa.

Allah ya ƙara wa idonki haske, ya tausasa zuciyar Attahir, ya sa a tarar da sauran gani mai yawa a idonsa. Ki gaishe mini da Kulu da Tabawa.

Taku, Inna Hajjo.